Gashin Kuza Ya Ƙi Fitowa

Talata, 1 ga Yuli, bayan la'asar

Karo na biyar ke nan, kuma bai fito ba.

Na sayi wannan littafin ne don in riƙa rubuta abin da ba zan sa a littafin ɗakin gwaji ba, tunda wancan kowa buɗe shi yake yi kamar jarida. Bari in fara da abin da na tabbatar, tun kafin kaina ya rikice.

Aikina shi ne tsirar da gashin kuza. Haka nake ce wa Gwaggo, kuma har yau ban samu sunan da ya fi shi ba. Ina zuba garin ƙarfen kuza a ɗan kaskon tangaran, in jera 'yan faranta masu shafen zinariya kusa da shi, in tura su cikin bututun tanda. Famfo yana zuƙe iska ta gefe ɗaya, iskar argon tana shiga ta ɗaya gefen, zafi ya kai digiri ɗari tara, a bar shi awa guda. In kuzar ta haɗu da ɗan oksijin, sai zare-zare su tsiro a kan farantan, kowanne ya fi gashin mutum siriri sau ɗaruruwa. Ido ba ya ganin guda ɗaya, amma in sun taru sai ka ga fari sol kamar audugar rimi. Da irinsu ake haɗa na'urar da ke jin gas in yana yoyo a kicin.

Ranar 9 ga Afrilu suka fito. Sau ɗaya tak. Daga nan argon ya ƙare, ba a kawo sabuwar tukunya ba sai ƙarshen Mayu. Tun daga lokacin, duk sanda na buɗe tanda sai in tarar kuzar ta narke ta dunƙule tana ƙyalli, farantan kuma tas, ko ƙura babu.

Farfesa Nagoda, mai duba aikina, ya ce sau ɗaya dace ne, sau uku ne ilimi. Kwamiti zai zauna ranar 14 ga Agusta. Wannan ce shekarata ta shida, kuma an rubuto mini cewa babu ƙarin ko mako ɗaya. In babu gashi babu digiri.

Ban canza komai ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce: ban canza komai ba.

Alhamis, 3 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Khubaib ya shigo yana taunar cingam ya ce, "Malama Tayyiba, ya gashi? Ko sai mun nemo masa man kitso?"

Na yi dariya don kar ya ga ya samu abin da yake so. Shi ne kaɗai ɗalibin da muke raba tandar nan da shi. Shekararsa ta uku, har ya fitar da takarda biyu, kuma ba ya barin kowa ya manta. A watan Afrilu ya ɗauki hoton shafina na littafin ɗakin gwaji da wayarsa, wai don ya koya. A lokacin na ji daɗi, sakarya da ni.

Ruwa ba ya tsami banza.

Juma'a, 4 ga Yuli, da hantsi

Kujerata ba a inda na bar ta take ba.

Litinin, 7 ga Yuli, bayan azahar

Ranar Juma'a kafin in tafi na ɗaura farin zare a marfin tanda, ta ƙasa inda ba a gani. Yau na tarar da shi yadda yake. Ko dai ba a taɓa ba, ko kuma wanda ya taɓa ya ga zaren ya mayar. Na tsaya ina duban ƙullin ina ƙoƙarin tuna ko haka na ƙulla shi. Mace mai shekara talatin da huɗu, a durƙushe gaban tanda tana binciken zare.

Na wanke bututun da asid, na sake kasko, na rage lokacin da nake korar iska kafin in kunna. Gobe karo na shida.

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Bai fito ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan la'asar

Yau na yi wa Malam Sabo magana, in dai za a kira wannan magana.

Shi ne mai kula da kayan ɗakin gwaji, makulli a hannunsa yake shekara talatin da uku. Duk abin da ke bayan tanda, daga tukunyar gas har tiyo, shi kaɗai ke taɓawa. Tun da tukunya ta taɓa faɗowa ta kusa karya wa wani ɗalibi ƙafa ya ja layi da jan fenti, ba mai tsallakawa. A makaranta Malam nake ce masa, a gida kuwa Baba Sabo ne, don aminin marigayi mahaifina ne, shi ya shiga kabarin ya karɓe shi. To mutum irin wannan yaya za ki dube shi ki ce, ka taɓa mini kaya? Bakina ba zai iya ba. Sai na zagaya.

Na ce, "Malam, tandar nan kuwa tana nan yadda take?"

Yana goge tabarau bai ko ɗago ba, ya ce, "Ai ta ma fi da lafiya, 'yar Attahiru."

Na ce, "Babu wanda yake shigowa bayan an tashi?"

Ya ce, "Wa zai shigo, makulli na aljihuna?"

Sai ya yi wani ɗan murmushi, irin na wanda ya san abin da ba ki sani ba. Ta fi da lafiya. Wata ɗaya da rabi ina ƙona garin kuza a banza, shi kuma yana ce mini ta fi da lafiya. A keke ina dawowa Tudun Wada na yi ta juya maganar har mai keken ya wuce layinmu ban ce masa ya tsaya ba.

Asabar, 12 ga Yuli, da safe

Gwaggo tana tankaɗe na gaya mata ina zargin wani yana ɓata mini aiki. Ban faɗi suna ba.

Ta ce, "Kin gan shi da idonki?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To ki kama bakinki. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ke tun kina ƙarama in ɗankunnenki ya ɓata sai kin tsare kowa a gidan nan, ƙarshe a same shi a cikin kallabinki."

Na ce wannan ba ɗankunne ba ne, shekara shida ce. Ta ce ta sani, ai ita ta yi ta dafa mini shekara shidan. Haushi ya sa na bar mata kunun ban sha ba, yanzu kuma yunwa nake ji.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Ba Khubaib ba ne. Na duba rajistar ƙofa shafi-shafi. Tun daga 20 ga Afrilu har farkon Yuni yana Kano wajen awon samfurinsa, ko ƙafarsa bai sako ba. Wallahi sai da na ji babu daɗi, don na riga na gama shirya abin da zan gaya masa.

Ina mayar da rajistar mai gadi ya ce me nake nema. Na ce ina duba wanda ya shiga a watan Mayu. Ya ce ai ba kowa ke sa hannu ba, kamar Malam Sabo, wata Asabar a ƙarshen Mayu ya zo da leda a bayan babur, ya yi wajen awa biyu a ciki shi kaɗai. Ya ce har ya roƙe shi kar ya gaya wa kowa.

Na ce ya tabbata haka ya ce? Ya ce, "Hajiya, kar ya gaya wa kowa, haka ya ce, musamman ke."

Na zauna a kan dakalin ƙofar.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan asuba

Musamman ni.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan magariba

Yanzu abubuwa suna ta dawo mini. A shekarata ta farko Malam Sabo ne ya ce wa Farfesa aikin nan ya fi ƙarfin tandarmu. A bara na gyara masa karatun ma'aunin zafi a gaban 'yan aji huɗu, ya ce, "Haka ne, Dakta," yaran suka yi dariya, shi bai yi ba. Dattijo ba ya manta irin wannan. Ranar da gashin ya fito kowa ya zo ya leƙa, shi sai da aka watse ya zo, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah," ya fita. A lokacin na ɗauka kawaici ne.

Ko kuma kawaicin ne. Ban sani ba.

Amma me ya kawo shi ranar Asabar? Me ke cikin ledar? Me ya sa ni ce ba za a gaya wa ba? Da ɗan gari akan ci gari.

Saura kwana ashirin da takwas.

Juma'a, 18 ga Yuli, ƙarfe huɗu

Karo na bakwai. Na tsaya a kan tandar tun daga kunnawa har hucewa, ko banɗaki ban je ba. Malam Sabo ya shigo sau biyu, ya tsallaka jan layin ya duba tukunya, ya ce gas yana tafiya daidai, ko ɗigo ba ya zuba. Na zuba wa hannunsa ido. Ban ga ya yi komai ba. Wanda ya yi shekara talatin da uku a wuri ai ba zai bari a gani ba.

Da na buɗe, kuza ta dunƙule tana ƙyalli. Na yi kuka a ɗakin gwaji, abin da ban taɓa yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in yi haƙuri, komai da lokacinsa. Ji na yi kamar in jefe shi da kaskon.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan azahar

Na rubuta wani abu, na yaga, na sake rubutawa. Gwaggo ta tambaya ko babi na biyar ne. Na ce e.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe tara da rabi na safe

Na kai takardar ƙorafi ofishin shugaban sashe. Shafi ɗaya da rabi. Ban yi ƙarya ko ɗaya a ciki ba, abin da mai gadi ya faɗa da abin da ke rajista kawai na sa. Sakatariya ta buga hatimi ta rubuta kwanan wata, ta dube ni, ta sake duban sunan da ke ciki.

Ba zan ƙara magana a kan wannan ba.

Laraba, 23 ga Yuli, da yamma

Malam Sabo bai sani ba tukuna. Ya kawo mini gasasshiyar masara biyu a takarda, ya ce ta gonarsa ce, farkon karya. Na karɓa na gode. Suna cikin jakata har yanzu, sun yi sanyi.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

An kira shi jiya. Farfesa ya gaya mini a tsaye a baranda, bai ko ce in zauna ba. Ya ce Malam Sabo ya amsa cewa ya shiga ranar Asabar bai sa hannu ba, kuma ya taɓa kayan tanda ba da izini ba. An ba shi takardar tuhuma, an karɓi makulli, an mayar da shi sito. Na ce me ya taɓa? Farfesa ya ce, "Ke da kika rubuta takarda, ba ki tambaye shi ba?" Ya wuce abinsa.

To biri ya yi kama da mutum. Ya amsa da bakinsa. Ni ce mai gaskiya.

Na yi karo na takwas yau da safe, makulli a hannun wani, babu shi babu inuwarsa a ɗakin. Bai fito ba.

Ni ce mai gaskiya. Ban san me ya sa nake ta rubuta haka ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan la'asar

Inna Hajo, matar Baba Sabo, ta zo gaida Gwaggo. Da na ji sallamarta na so in shige ɗaki, Gwaggo ta ce in kawo tabarma. Na kawo, na durƙusa na gaishe ta, ina jiran abin da zai biyo baya.

Ba ta sani ba. Bai gaya mata ko waye ba.

Ta ce Malam kwana uku ba ya cin abincin kirki. Ta ce saura wata biyar ya yi ritaya, fayil ɗinsa fari fat, sai ga wani marar mutunci ya rubuta takarda a kansa. Ta tambaye shi waye, ya ce ba ruwanta, wanda ya rubuta yana da uzuri. Ta ce, "Uzurin me? Allah ya isa dai ba zan ce ba, tunda ya hana ni."

Gwaggo tana ta ɓare gyaɗa, ba ta ɗago ba.

Sai Inna Hajo ta juyo gare ni ta ce, "Kuma abin haushin, 'yar nan, duk a kan na'urarki ne. Ya ce kar a gaya miki, amma yanzu ai an riga an ɓata. Wai akwai wani tiyo a bayanta da ya tsage tun shekaru, shi ya ɗaure shi da robar tif ɗin babur yana lallaɓawa. Da ya ga aikinki ya fara kyau sai ya ce kunya ce a ce 'yar Attahiru za ta zama dakta da ɗaurin roba, baƙi su zo su gani. Ranar wata Juma'a ya hau mota har kasuwar Panteka a Kaduna, ya yini yana neman irinsa, ya dawo jiƙe sharkaf. Washegari ya je ya sa sabo da maɗaurin ƙarfe."

Na ce me ya sa bai gaya mini ba.

Ta ce, "Kin san halinsu na mutanen da. Wai alheri in an faɗe shi ladan ya zube. Ko ni sai da na ga tsohon tiyon a jakarsa na matsa masa."

Ta sha ruwa, suka koma hirar tsadar taki. Da za ta tafi ta dafa kaina ta ce in dage, Malam kullum sai ya sa ni a addu'a bayan asuba.

Na raka ta bakin titi ta samu keke. Da na dawo Gwaggo ta naɗe tabarma ta shiga ɗaki. Har yanzu ba ta ce mini komai ba, kuma gara ta zage ni.

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

Na tsallaka jan layin, karo na farko a shekara shida. Ga shi nan: baƙin tiyo sabo fil, an ɗaure bakinsa da ƙarfe tamau.

Na tsaya ina kallonsa sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Famfo zuƙa yake yi. In akwai tsaga a tiyo, ba gas ne zai fita ba, iskar ɗaki ce za ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan. Oksijin ɗin da kuzata ke buƙata ta wannan tsagar yake shigowa, ta ƙarƙashin robar babur. Ni kuma na rubuta a babi na uku da Turanci mai kyau cewa daga ragowar iskar bututu yake. Shafi huɗu na yi ina bayanin abin da ban sani ba. Da ya toshe tsagar, sai kuzar ta narke ta zauna, ba abin da za ta haɗu da shi.

Tambaya ɗaya ce, da na yi ta a farkon Yuni. Baba, ka canza wani abu a bayan tanda? Shi kunya ta hana shi faɗa, ni kunya ta hana ni tambaya, amma ba ta hana ni rubuta shafi ɗaya da rabi ba.

Talata, 29 ga Yuli, da hantsi

Na je in janye takardar. Sakatariya ta ce takardar da ta shiga fayil ba ta fita, sai dai a ɗora wata a kanta. Na rubuta wata a tsaye a kan kanta. Ta buga hatimi. Ta ce shugaban sashe ya ce laifin shiga ba sa hannu yana nan, ko da wace niyya aka yi shi, kuma makulli ba zai koma ba.

Sito yana ƙarshen barandar. Na bi ta bayan gini na fita.

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe biyar

Zan iya da kaina. Na sassauta maɗaurin ƙarfen rabin juyi. Iska ta yi yawa, garin kuzar ya ƙone ya zama farin ɓawo tun a kasko, ko tashi bai yi ba. Farantan tas.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan azahar

Na karɓo tsohon tif wajen mai faci na bakin kasuwa, na huda sabon tiyon da allura, na naɗe da roba. Ya yi ɗan toka-toka a gefen faranti ɗaya, shi ke nan. Tsaga ba tsaga ba ce kawai, akwai girmanta, akwai yadda aka danne ta. Da muna da na'urar auna shigar iska da ba sai na yi wannan caca ba, amma tamu ta lalace tun kafin in zo.

Garin kuzar da ya rage na karo huɗu ne. Ina buƙatar uku. Saura kwana goma sha biyu.

Gwaggo tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa. Gaisuwa kawai muke yi.

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya

Khubaib ya same ni zaune a ƙasa bayan tanda. Yau babu cingam babu man kitso. Ya ce, "Malama, Malam Sabo ba ya yar da komai. Tsohon tiyon yana wajensa."

Na ce na sani.

Ya ce, "In kina so in je in karɓo miki."

Na dube shi ina neman inda mugunta take a maganar, ban samu ba. Na ce a'a. Ya ce shi ma haka ya ga ya fi.

Ashe kowa a sashen nan ya san ni na rubuta. Masu shara ma yanzu gajeruwar gaisuwa suke yi mini.

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Na je Gyallesu gidan Baba Sabo. Na karɓo.

Laraba, 6 ga Agusta, ƙarfe uku da kwata

Sun fito.

Na mayar da tsohon tiyon na kunna. Da na zaro kaskon, sai ga farantan sun yi fari, har gefen kaskon ya yi gemu. Sun fi na Afrilu yawa. Khubaib ya leƙo ya ce ma sha Allah, ya tafi kiran Farfesa. Na yi sujada a kan simintin, ban ko shimfiɗa komai ba. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na yi murna ƙwarai, wajen minti goma.

Juma'a, 8 ga Agusta, da hantsi

Na biyu. Sun fito.

Litinin, 11 ga Agusta, da yamma

Na uku. An saka su a babbar na'urar ganin ƙananan abubuwa, hotunan sun yi kyau, zare a kan zare. Na sake rubuta babi na uku, na faɗi gaskiyar inda oksijin yake shigowa. A shafin godiya na sa sunan Baba Sabo a farko, na goge, na mayar. Ban san ko zai ɗauke shi a matsayin girmamawa ko cin fuska ba.

Na hange shi daga nesa yana tura kwalaye a baro zuwa sito. Ya rame.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Na ci. Gyara kaɗan suka ce in yi. Baƙon farfesan da ya zo daga wata jami'a ya ce dabarar shigar da iska ta burge shi, ya tambaya yaya aka yi na gano ta. Na ce bisa kuskure. Suka yi dariya suka tafa, sun ɗauka tawali'u ne.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa sau ɗaya, ta rungume ni, sannan ta riƙe kafaɗuna ta ce, "Ranar da kika je Gyallesu, kin roƙe shi gafara?" Na ce e.

Littafin nan na saye shi ne don abin da ba zan faɗa a wani wuri ba, to bari in rubuta.

Na same shi a zaure a kan buzu, shi kaɗai. Tun a keke na shirya maganata, na maimaita ta ya fi sau goma. Zan fara da ban haƙuri, in ya yafe, in zauna a yi hira, sai can a ƙarshe in kawo zancen tiyo kamar yanzu na tuna. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi Gwaggo da ƙafarta. Kafin in buɗe baki ya miƙa hannu bayan buzun ya jawo wani abu a naɗe cikin jarida, an ɗaure da igiya. A shirye yake, ban san tun yaushe ba.

Ya ce, "Tun ranar da aka karanta mini takardarki na zauna na yi tunani, na gane ni na ɓata miki. Na gyara abin da bai nemi gyara ba. Ki yafe ni, 'yar Attahiru."

Shi ya ce in yafe shi.

Ya kwance jaridar ya nuna mini tsagar da farcensa. Ya ce robar zagaye bakwai ce, kar in ja na ƙarshen da ƙarfi, kuma tsagar ta kalli ƙasa. Ya sa na maimaita. Ya ce ya so ya aiko mini tun tuni, sai ya ce bari dai ta zo da ƙafarta.

Tiyon yana hannuna. Kaina ya riga ya tafi lissafin ko zan samu tanda washegari da safe, ko za a ɗauke wuta, ko garin kuzar zai isa. Na ga in na yi maganar yanzu zai ce don ya ba ni ne, in da na yi ta kafin ya ba ni zai ce don ya ba ni ne. Haka na gaya wa kaina a lokacin. Yau ban yarda da kaina ba, kuma na iya zargi, kowa ya shaida.

Ya dube ni ya ce, "Akwai wani abu kuma?"

Ya jira. Har Inna Hajo ta leƙo ta ce a kawo mini fura, ya ɗaga mata hannu ta koma, bai ɗauke idonsa daga kaina ba.

Na ce babu.